Yaranmu da Sautukan Turanci

A firamarorin ƙauyukan Bichi da Ɗambatta za ku ji yaro yana rera haruffan Turanci 26 da ka, amma a nuna masa kalma sai ya yi shiru. Abin yana damuna ƙwarai. Mafita ɗaya ita ce tsarin Jolly Phonics: sautuka 42 yake koyarwa, yaro ya riƙa haɗa su da kansa. Ɗan Bahaushe kuwa sai an bi shi a hankali: bakinsa bai saba raba "p" da "f" ba. A fara masa da karatun Hausa, nahawun Turanci ya biyo baya. Tunda gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a 2024, muna roƙon hukumar ilimin matakin farko ta jiha, SUBEB, ta kai wa malaman ƙauye horon Jolly Phonics kafin damina, lokacin da gona ke kwashe yara daga aji.