Wuta Hanyar Komawa Take Nema: Jawabi a Ƙofar Gidan Mai Unguwa

Ranka ya daɗe Mai Unguwa, Allah gafarta Malam Liman, dattawa, iyayenmu mata da ke saurare daga soro, da ku samarin da ke tsaye a baya, barkanmu da yamma. An ba ni daga yanzu zuwa kiran magariba in yi magana a kan wutar lantarkin da ke gidajenmu, tun kafin damina ta kankama. Wanda bai ji ba ya matso.

Wutar nan da har yau muke kira ta NEPA, ko da yake an daɗe da sauya sunan, kuma tun 2013 rarraba ta ya koma hannun kamfanoni irin su KEDCO mai kula da Kano da Katsina da Jigawa, daga nesa take tasowa. Wata daga madatsun ruwa na Kainji da Jebba da Shiroro, mafi yawanta kuma daga tashoshin gas na kudu. Tana isowa tashar Kumbotso da ke Kano da ƙarfin bolt 330,000, a yi ta rage ta mataki-mataki har ta koma 11,000 a wayoyi ukun nan na can ƙololuwar falwaya. Taransifomar bakin titi ce ke sauke ta zuwa 230 da ke shiga ɗakunanmu. Kada kowa ya raina 230 ɗin nan. Ta isa ta tsayar da zuciyar ƙato.

Ga abin da nake so kowa ya tashi da shi. Wuta ba ta shiga gida ta zauna. Ta wata waya take shigowa, ta bi ta cikin ƙwan fitila ko fanka ko firji, ta fita ta wata wayar ta koma taransifoma. Idan hanyar komawar nan ta samu matsala, ko aka buɗe mata wata, ƙasa ma hanya ce gare ta, kuma duk abin da ya haɗa ta da ƙasa za ta bi: ƙofar ƙarfe, jiƙaƙƙen bango, kwanon rufi, jikin ɗan Adam. Shi ya sa tantabara ke sauka a kan waya ta tashi lafiya, don ƙafafunta biyu a kan waya ɗaya suke, babu abin da ya haɗa ta da ƙasa. Kai kuwa da ka fito daga banɗaki ba takalmi, ƙafa jiƙe, ka kai hannu kan makunnin da ya fashe, ka cika mata hanya. Kuma abin da ke kisa ɗan kaɗan ne. Kashi goma cikin dubu na amfiya ɗaya ya isa ya damƙe hannun mutum a kan waya ya kasa saki, talatin zuwa sama kuwa na iya rikita bugun zuciya. Dutsen guga kaɗai yana jan amfiya huɗu zuwa biyar.

To wayarin na ƙwarai waya uku ne. Akwai mai wuta, ja a tsohon aiki, ruwan ƙasa a sabo. Akwai ta komawa, baƙa ko shuɗiya. Sai ta uku, koriya ko koriya mai ratsin rawaya, ita ce wayar ƙasa, kuma ita ce wadda aka fi yi wa rowa. Mai gida ya ga fitila na kamawa ba tare da ita ba, sai ya ce a bar ta, kuɗi sun yi yawa. Aikinta shi ne ta haɗa jikin ƙarfen firji da na dutsen guga da na injin ruwa da wani sandan jan ƙarfe da aka kafa a cikin ƙasa, a wuri mai damshi. Ranar da waya ta goge a cikin firji ta taɓa jikinsa, wutar sai ta bi koriyar nan ta wuce. In babu ita, firjin yana nan tsaye da wuta a jikinsa yana jiran wanda zai zo shan ruwan sanyi. Iyayenmu mata, idan kuka ji firji na ɗan ja in an taɓa shi, kada ku ce halinsa ne, kada a ɗaura masa tsumma a mariƙi a ci gaba. A zare shi daga soket a kira mai gyara. Haka famfon da ke ja lokacin wanka.

Akwai kuma wata na'ura da ake sa wa kusa da mita, masu aikin na kiranta RCD ko ELCB. Tana auna wutar da ta shiga da wadda ta fito, da zarar ta ga wani abu ya ɓace, wato ya bi ta wani wurin, sai ta katse cikin ƙiftawar ido. Ta gida ita ce mai lamba 30mA a jikinta. A ganina, gidan da ke da yara da firji da injin ruwa, gara a jinkirta sayen sabuwar talabijin a sa ta. Tana da maɓallin gwaji, a riƙa danna shi lokaci-lokaci a ga ko tana katsewa.

Sai maganar gobara, kuma a nan zan ɗan daɗe, don ita ce ke cinye dukiyar shekaru a dare ɗaya. Waya tana da iyakar abin da za ta ɗauka. Ku tuna fitowa daga masallacin Idi ta ƙaramar ƙofa, yadda ake matsatsi da gumi. Haka wuta mai yawa ke yi a siririyar waya, ta yi zafi, robar ta yi laushi, ta narke, wayoyi su haɗu. Ƙa'idar da aka sani ita ce mai lamba 1.5 ta fitilu ce, 2.5 ta soket, na'urar sanyaya ɗaki da risho na lantarki kuwa suna son 4 ko 6, da layinsu na kansu. Amma sai ka shiga silin ɗin wani gida ka tarar duk da 1.5 aka zagaye shi, an yi mahaɗa an murɗe da hannu an naɗe da leda, ko salatif babu, ɓera ya bi ya gaigaye, ga katako busasshe a gefe. Ga kuma waya ta jabu a kasuwa, wadda in ka kankare ta da wuƙa sai jan ya tafi farin alminiyam ya bayyana, ko ka ga roba ta yi kauri zaren ciki bai kai ya kawo ba. Araha ba ta ado. Ku je sayen waya da mai aikin da kuka yarda da shi, ku kankara ku gani kafin ku biya.

Filogin nan mai ƙafa uku, fis ɗin da ke cikinsa amfiya 13 ne iyakarsa, wajen wat 3,000 ke nan. Yanzu ku lissafa da ni. Dutsen guga wat 1,000 ko fiye, hita ta dafa ruwa 1,500, ƙaramin risho wani 1,500. An haura tun tuni, alhali duka ukun a ekstenshan ɗaya ake cusa su, irin mai araha wanda ko rabin haka wayarsa ba ta ɗauka, an kuma bi da shi ta ƙarƙashin kafet inda zafin ba shi da mafita. Alamomin ba ɓoyayyu ba ne: warin roba, soket da ya yi baƙi, filogi mai zafi, ƙarar tsartsatsi a cikin bango. Sannan wannan ɗabi'ar ta cusa tsiraran wayoyi cikin soket a tokare da tsinken ashana, don Allah a bar ta.

Fis kuwa da gangan aka yi shi rarrauna, don ya ƙone kafin gida ya ƙone. Idan ya yanke, wani abu ya gani. Sai wani gwani ya samo waya mai kauri ko ƙusa ya saka, ya ce yanzu ba zai ƙara yankewa ba. Gaskiya ya faɗa, ba zai yanke ba, wayar da ke cikin silin ce za ta kama a madadinsa. Haka bireka da ke yawan faɗuwa, ba a canza shi da babba, dalilin faɗuwar ake nema.

Lokacin da ya fi kowanne haɗari a unguwa shi ne lokacin da aka ɗauke wuta, domin a nan ne kowa ke sakin jiki. Uwar gida na guga aka ɗauke, ta bar dutsen a kan kaya ta tafi gidan suna. An sa hita a bokitin roba an manta an kwanta. Ƙarfe biyun dare a kawo wuta, ruwan ya ƙafe, bokiti ya narke, labule ya kama. 'Yan kasuwa, ku ma haka, kafin a rufe shago a kashe babban makunni, ba fitila kaɗai ba. Da zarar an ɗauke wuta, abin farko shi ne a zare duk wani abu mai zafi. Kuma a wannan lokacin ne ake aika yaro ya canza layi a jikin mita, ko matashi ya hau falwaya da silifas da filaya. Wa ya gaya maka minti nawa za ta yi kafin ta dawo? Ko ba a kawo ba, janaretan maƙwabci ya isa. Wanda ya haɗa janareta da gidansa ba tare da makunnin sauya layi ba, wato canji-oba, wutarsa na fita ta bi wayar titi, kuma in ta shiga taransifoma ta baya sai ta ƙaru ta koma dubbai. Ma'aikacin da ke kan falwaya yana ganin layi a kashe yake, ashe wani ya kunna masa daga tsakar gida. Shi kansa janareta a fili ake ajiye shi, nesa da taga. Hayaƙinsa na ɗauke da gubar da ba ta da wari, tana sa barci mai nauyi, kuma an sha wayar gari da iyali guda ba wanda ya tashi saboda an shigar da shi soro gudun ɓarayi ko ruwan sama. Ba a kuma zuba masa fetur yana aiki.

Wani lokaci za ku ga ƙwai ya yi haske fiye da kima, fanka na gudu kamar za ta tashi, a gidan maƙwabci kuma wutar ta yi ja. Sau da yawa wayar komawa ce ta tsinke a layi ko aka sace ta a taransifoma, sai ƙarfin wutar wasu gidaje ya doshi 400. Kada a tsaya zare kaya ɗaya-ɗaya. A kashe babban makunni, a sanar da ofishin wuta. Wannan makunnin kuwa ya kamata kowane baligi a gida ya san inda yake, mata da maza, kuma kada a jingine masa buhuna.

Game da manyan wayoyi, doka ta ware fili a ƙarƙashinsu, mita biyar da rabi kowane ɓangare ga layin 11,000 da na 33,000, mita 25 kowane ɓangare ga na 330,000. Irin wannan wutar ba sai an taɓa ta ba, tsalle take yi idan aka kusance ta. Magina masu ɗaga rodi, masu kafa eriya, masu saran reshen darbejiya, ku ɗaga kai ku duba tukuna. A watan Afrilu na 2017, a Kalaba, babbar waya ta tsinke ta faɗo kan rufin kwanon wani gidan kallon ƙwallo, matasa suka rasu suna tsakiyar kallon wasa. Mu ma muna da rumfuna da gidajen kallo a ƙarƙashin waya, ranka ya daɗe, kuma wannan magana ce da ta fi ƙarfin mutum ɗaya, sai da bakinka. Idan iska ta kayar da waya, a ɗauka da wuta a jikinta, a ja baya aƙalla taku goma sha biyar, a tsayar da babba ya kore yara da dabbobi. Ƙasar da ke kewaye da ita ma tana ɗauke da wuta, balle in akwai ruwa kwance. Wanda ya tsinci kansa kusa, ya haɗa ƙafafunsa ya ja su a hankali, kada ya yi dogon taku.

Wajen ɗaukar mai wayarin, akwai hukumar NEMSA da ke ba masu wannan sana'a takardar shaida. Tambayar mutum takardarsa ba cin fuska ba ne. Wanda ya iya ba zai ji haushi ba.

Idan kuma tsautsayi ya faɗa, gobarar lantarki ba a watsa mata ruwa sai an kashe wuta. A yi amfani da yashi, a kira 'yan kwana-kwana ko lamba 112. In wuta ta kama mutum, kada tausayi ya sa ka rungume shi, ku biyu za ta riƙe. Ka kashe makunni. In ya yi nisa, ka tsaya a kan busasshen abu ka ture shi da busasshiyar taɓarya ko kujerar roba. Wannan a wutar gida ke nan, in babbar waya ce ko sanda ba a kai mata, sai an kashe layin. Da an raba shi da wutar, a duba numfashi. Idan ba ya yi, a kwantar da shi rigingine a kan ƙasa, a ɗora tafin hannu ɗaya bisa ɗaya a tsakiyar ƙirji, a riƙa dannawa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, ana karɓar juna har a samu ma'aikacin lafiya. Kada a ɗura wa wanda ya suma madara ko ruwa, huhunsa za su shiga. Ƙuna kuma ruwa mai tsabta ake zuba mata na kamar minti 20, ban da man goge baki, ban da ɗanyen ƙwai, ban da manja. Ko ya miƙe ya ce lafiyarsa ƙalau, a kai shi asibiti a ranar, domin wuta na ƙona nama ta ciki inda ido ba ya gani, kuma likita zai so ya auna bugun zuciyarsa.

Na ga ladan ya miƙe. Masu tambaya, ina nan bayan salla, in sha Allahu.