Sunan Allah a Rantsuwar Kama Aiki: Laccar da Aka Gabatar a Sandamu

Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ƙunshi abubuwa biyu waɗanda, idan aka jera su wuri ɗaya, mai karatu zai zaci karo suke yi da juna. Sashe na 10 ya hana gwamnatin tarayya da ta kowace jiha ɗaukar wani addini a matsayin addinin hukuma, alhali gabatarwar kundin ta kira Nijeriya ƙasa ɗaya a ƙarƙashin ikon Allah, sannan Jadawali na Bakwai, wato ratayen da aka rubuta lafazin rantsuwoyi a cikinsa, ya rufe rantsuwar shugaban ƙasa da ta gwamna da ta alƙali da ta ɗan majalisa da neman taimakon Allah. A kan wannan lafazi ne Muhammadu Buhari, mutumin Daura, ya riƙe Alƙur'ani a Dandalin Eagle da ke Abuja ranar 29 ga Mayu, 2015, Babban Jojin Ƙasa Mahmud Mohammed yana karantawa shi kuma yana maimaitawa.

Al'amarin ba baƙo ba ne a ƙasar Daura, wadda ta haɗa ƙananan hukumomin Daura da Sandamu da Zango da Baure da Mai'aduwa. Bayan da Turawan Ingila suka ci Kano da Sakkwato a 1903, gwamnatin Lugga ta tsara wa sarakunan Arewa rantsuwar mubaya'a, inda sarki kan rantse da Allah cewa zai yi wa Sarkin Ingila biyayya, zai kuma bi umarnin Gwamna da Razdan, amma da sharaɗi guda: muddin umarnin bai saɓa wa addininsa ba, idan kuwa ya saɓa, to zai sanar da Razdan nan take. A ƙarƙashin wannan tsari ne Turawa suka ɗauko Malam Musa daga Zango a 1906 suka mayar da sarautar Daura gidan da jihadi ya karɓe ta daga hannunsa kimanin shekara ɗari kafin nan. Sharaɗin nan ya cancanci a tsaya a kansa, domin yana nuna cewa mai mulkin mallaka da kansa ya gane iyakar abin da zai iya karɓa daga Musulmi da sunan Allah. Rantsuwar yau ba ta da irin wannan togaciya. Mai kama aiki yakan yi alkawarin kare tsarin mulki gaba ɗayansa, har da Sashe na 10, wanda ya samo asali daga kundin 1979, bayan muhawarar Majalisar Tsara Kundin Mulki inda wakilai Musulmi suka fice daga zaure a Afrilun 1978 kan batun Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta tarayya.

Hanyar da doka ta bi don sulhunta abubuwan biyu ita ce bambancewa tsakanin addinin hukuma da addinin mai rantsuwa. Dokar Rantsuwa ta 1963 ta ce Musulmi ya dafa Alƙur'ani, Kirista ya riƙe Baibul, wanda kuma bai yarda da rantsuwa ba ya yi tabbaci, wato alkawari na ƙaƙƙarfan lafazi ba tare da littafi ko ambaton Allah ba, kuma Sashe na 318 na tsarin mulki ya ba tabbacin nauyi ɗaya da rantsuwa. Ke nan hukuma ba ta zaɓar wa kowa littafi, aron tsoron da ke zuciyarsa kawai take yi. Jamhuriyar Nijar, wadda iyakarta ke Kongolam kusa da Mai'aduwa, ta fi Nijeriya fitowa fili: kundinta na 2010, wanda sojoji suka dakatar a Yulin 2023, ya ambaci raba addini da gwamnati ƙarara, duk da haka ya wajabta wa shugaban ƙasa rantsuwa a kan littafin addininsa.

Wannan aro yana da nauyin da ba a cika lissafa shi ba. A ƙauyukan Sandamu, idan rigimar gona ko ta bashi ta kai gaban alƙali har aka ce mutum ya yi alwala ya dafa Alƙur'ani, sau da yawa dangi kan shiga tsakani su biya abin da ake nema, don gudun kada Alƙur'ani ya ci ɗan'uwansu, ko da sun yi imanin shi ke da gaskiya. Fiƙihun Malikiyya, wanda ɗalibai ke karantawa a Risala a zaurukan malamai, ya raba rantsuwa kashi-kashi: akwai wadda aka ƙulla a kan abin da za a aikata nan gaba, wadda idan aka karya ta sai kaffara, wato ciyar da miskinai 10 ko tufatar da su ko 'yanta bawa, wanda bai samu ba ya yi azumin kwana 3, akwai kuma ta ƙarya da gangan, wadda malamai suka ce ta fi ƙarfin kaffara, sai tuba. Haka nan an karantar da cewa rantsuwar da wani ke da haƙƙi a cikinta tana bin niyyar wanda ya sa a rantse ne, don haka babu damar ɓoye wata manufa a zuci. Talaka da ya tashi a kan wannan fahimta, idan ya ga jami'i ya dafa littafi da safe, ya kuma ga yadda aka yi da dukiyar jama'a bayan shekara huɗu, darajar hukuma da ta rantsuwa duka biyun suke zubewa a idonsa. Hukuma kuwa ba ta karɓar kaffara. Abin da ke hannunta shi ne Kotun Ɗa'ar Ma'aikata da tsigewa da sauran kotuna, kuma raunin waɗannan ne ke sa a ɗora wa littafi aikin da doka ya kamata ta yi.

Inda batun ya fi buƙatar taka-tsantsan shi ne alkawarin ƙasa da yara ke karantawa a filin taron makaranta. Felicia Adebola Adeyoyin ce ta rubuta shi a 1976, gwamnatin Obasanjo ta sa a riƙa karanta shi, kuma shi ma da neman taimakon Allah ya ƙare. Babba mai kama aiki shi ya nemi muƙami, doka kuma ta ba shi zaɓi. Yaron firamare bai nemi komai ba. A Amurka, inda aka ƙara ambaton Allah cikin alkawarin tuta a 1954, Kotun Ƙoli ta riga ta yanke tun 1943 cewa ba za a tilasta wa ɗalibi karanta shi ba. A Nijeriya Sashe na 38 ya kare ɗalibi daga tilasta masa shiga ibadar addinin da ba nasa ba, kuma ko da yake lafazin alkawarin bai ambaci sunan wani addini ba, hujjar barinsa yadda yake ta fi ƙarfi idan shugaban makaranta ya san cewa yaron da iyayensa suka hana shi furtawa ba mai laifi ba ne, bulala ba ta hau kansa ba.