Daji da Gulbi a Arewacin Zamfara: Wa Za Mu Fara Gayyata?



Na san a cikin zauren nan akwai mai cewa a ransa, mutumin da bai iya zuwa gonarsa ba, ina shi ina zancen yawon buɗe ido? Yana da gaskiya. A watan Satumba na 2021 har layukan waya aka rufe a faɗin jihar Zamfara saboda rashin tsaro, aka dakatar da kasuwannin mako. Yau ba direban da zai ɗauki baƙo daga Zurmi ya nufi Dumburum da sunan kallon tsuntsaye. Amma ranar da hanya za ta buɗe, me za mu tarar ya rage? Tambayar wannan takarda ke nan.

Bari mu leƙa Seshel, ƙasar tsibirai 115 a Tekun Indiya, wadda mutanenta ba su wuce dubu ɗari da 'yan kai ba. Tsibirinta na Cousin a da gonar kwakwa ne. A 1968 wata ƙungiyar kare tsuntsaye ta duniya ta saye shi don ceton wani ɗan tsuntsu da bai kai talatin ba a doron ƙasa. Aka bar itatuwan asali suka dawo, tsuntsun ya yaɗu, sannan baƙi suka fara zuwa suna biyan kuɗin shiga, ana biyan masu gadi da shi. A lura da yadda abin ya jeru. Tsaron wurin ne ya zo farko, baƙi suka biyo baya. Mu kuwa da an ce buɗe ido, sai a fara zanen otal da ƙatuwar ƙofa.

To me muke da shi? Gulbin Gagare ya ratsa ta Ƙauran Namoda, Bunsuru ya bi ta ƙasar Zurmi, dukansu suna gangarawa Rima. A ƙasar Zurmi akwai Dutsi, inda tarihin baka ya ce nan sarautar Zamfara ta fara kafuwa. Akwai kufan Kiyawa, da kabarin Namoda, da tashar Ƙaura inda layin dogo ya iso a 1929. Akwai kuma gandun dajin Zamfara, wanda ƙauyuka irin su Dumburum da Shamushalle suke cikinsa.

Sai dai a ganina babban jarinmu shi ne abin da mutane suke yi a waje da hannunsu. Ku tuna ranar su a ƙarshen rani, lokacin da ruwa ya janye ya bar tafkuna a fadama. Ba mai jefa koma sai sarkin ruwa ya ba da izini. Da an buɗe, masunta su faɗa gaba ɗaya, kowa ya kife a kan gorarsa, homa a hannu, yara a bakin gaɓa suna warwason tarwaɗar da ta kuɓuce, mata sun riga sun hura wuta, balbela da zalɓe suna shawagi suna jiran rabonsu. Wannan hani na sarkin ruwa shi ne ya sa kifi ke samun damar hayayyafa. Doka ce ta kare halitta tun kafin a zo da takarda. Irin wannan su ne Argungu ta ɗaukaka har UNESCO ta sa shi a jerin al'adun duniya a 2016, kuma ko Argungun sai da bikinta ya yi kusan shekara goma a tsaye kafin ya dawo a 2020. Haka farautar rani da kokawar bayan girbi da sukuwar salla, duk jarinmu ne.

Abin da ke ba ni tsoro shi ne masu sanin nan suna ƙarewa. Tsohon maharbin da ya san mashayar gada da barewa, wanda zai nuna maka gawo ya gaya maka dalilin da manomi ba ya sare shi (yana kaɗe ganye da damina, gero ya sha rana a ƙarƙashinsa), yau yana gudun hijira a cikin gari. Kirya da marke kuma suna tafiya a buhunan gawayi, tunda malaman daji sun daina shiga.

Don haka baƙonmu na farko kada mu jira shi daga Turai. Ɗalibanmu ne. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke nan Ƙaura tun 1983 tana da matasa daga sassan Nijeriya, da yawansu har su gama ba su taka bakin Gagare ba. Shawarata ita ce a haɗa su da sarakunan ruwa da maharba, su rubuta sunayen tafkuna, da itatuwa, da tsuntsayen da ke sauka da lokacin saukarsu, a ɗauki muryar dattawan. Wannan aiki ana iya yin sa a cikin gari, ba sai an shiga daji ba. Masarautun Ƙaura da Shinkafi da Zurmi kuma su ware kurmi ko tafki ɗaya kusa da gari, inda jami'an tsaro suka amince, a hana sara da zuba guba a ruwa, a naɗa mai gadi ɗan unguwar, a riƙa kai 'yan firamare da malamansu sau ɗaya a zango. Kuɗin shiga, komai ƙanƙantarsa, ya tsaya a hannun unguwar, a kuma riƙa karanta lissafinsa a gaban mai gari.