Jawabin Taron Ƙungiya: Wa Ke Biyan Kuɗin Yaƙi?

Mai girma Sarkin Hausawa, limamai, iyayenmu, 'yan'uwa maza da mata.

An ce mu yi magana kan yadda ake fakewa da kishin ƙasa da addini a tura jama'a yaƙi. Ba sai mun je nesa ba, yaƙin basasarmu ya ishe mu misali.

Ranar 30 ga Mayu 1967 Ojukwu ya yi shelar Biyafara, a Yuli aka fara harbi. Gwamnatin Tarayya ta ce haɗin kan Nijeriya tilas ne, ko da jini. Su kuma can suka riƙa gaya wa Turawa wai Musulmin Arewa ne suka ɗaura wa Kirista jihadi. To jama'a, Janar Gowon da ya jagoranci yaƙin Kirista ne, ɗan mai wa'azin bishara, a Wusasa ya tashi. Ojukwu kuwa a Zungeru aka haife shi, Hausa a bakinsa. Amma maganar ta karɓu.

Wa ya fara biya? Baƙo. A 1966 an kashe dubban Ibo a garuruwan Arewa, mu faɗi gaskiya ko da ɗaci. Yawancinsu 'yan kasuwa ne da ma'aikata, masu zaman cin rani da neman abinci kamar mu. Sai ramuwa ta faɗa kan 'yan'uwanmu a Gabas, waɗanda suka tsira suka baro rumfunansu da dabbobinsu. A Oktoba 1967 sojan Tarayya suka harbe ɗaruruwan maza a Asaba. Kafin 15 ga Janairu 1970, fiye da mutum miliyan 1 sun mutu, galibi yunwa ce ta kashe su, yara sun fi yawa.

Manyan fa? Ojukwu ya tafi Kwaddibuwa kafin a miƙa wuya. A 1982 Shagari ya yi masa afuwa, ya dawo ya shiga NPN, jam'iyyar Shagarin.

Haka aka sake yi a Yulin 1999: rikicin Shagamu ya ci Hausawan Sabo, kwana kaɗan Yarbawan Kano suka biya abin da ba su ci ba.

Don haka muna roƙo, duk saƙon waya ko wa'azin da ke kiran samarinmu su fito kare addini ko ƙabila, a fara kai shi gidan Sarki da limamai su bincika.