Ku Saurari Kukan Injinku Kafin Ku Sake Kwance Shi

Jawabin da editan wannan jarida ya yi wa masu injinan niƙa da na ban ruwa na Kazaure da Ɓaɓura da Roni da Gwiwa.

 

Maganata a yau a kan injin gas ce, watau mai shan dizal, wanda aka yi wa obahol amma aka tayar da shi yana ƙwanƙwasa, ko yana misin. Mutum ya sayar da akuya ko buhun gero, ya tafi Ƙofar Ruwa a Kano ya sayo fistin da ringi da gaskit, an ɗaura, ga mata sun jera ƙwaryar niƙa, sai inji ya kama ƙaf-ƙaf. A nan ne ake yin kuskure iri biyu. Wani ya ce sabon gyara ne, zai daina, ya ci gaba da aiki har inji ya yi nokin. Wani kuwa ya sa a sake kwance shi gaba ɗaya, alhali laifin bai fi na minti goma ba.

Da farko mu san yadda injin yake. Wani Bajamushe mai suna Rudolf Diesel ne ya ƙirƙiro shi, ya kuma yi aiki sosai a 1897. Ba shi da fulogi. Fistin ne yake matse iska har zafinta ya wuce digiri 500, sannan nozul ya fesa mai, man ya kama da kansa. Ko Lister ne mai manyan ƙafafu, ko ɗan Indiya, ko ɗan Sin, abubuwa uku yake bukata: iska mai tsabta, matsi mai ƙarfi, da man da ya zo a kan lokaci. Duk misin daga ɗayan ukun nan yake.

To, ku fara da abin da ba ya cin kuɗi. Duk injin da aka kwance, iska tana shiga bututun mansa. Ku sassauta notin da ke kan filta da na famfon mai, ku bari man ya zubo har kumfa ta ƙare, sannan ku ɗaure. Sau da yawa misin a nan yake ƙarewa. Ku kuma zuba man a farar kwalba ku ajiye. Idan da ruwa a ciki, zai kwanta a ƙasa. Man da aka haɗa da kananzir mai yawa kuwa yana cinye famfo, don ba shi da santsi.

Sai ku dubi hayaƙi. Farin hayaƙi mai yajin ido, man da bai ƙone ba ne: ko taimin ya yi latti, ko matsi ya yi rauni. Baƙin hayaƙi yana nufin mai ya fi iska yawa, ko an yi wa inji lodi fiye da ƙarfinsa. Mai injin niƙa ya fara duba filtar iska, domin ƙurar gari da ta hunturu suna toshe ta. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi kuwa, baƙin mai ne yake ƙonewa. Sabon ringi yakan yi haka kaɗan kafin ya zauna, amma in ya daɗe a koma wurin bakanike.

Yanzu sai ƙwanƙwasa. Ita iri biyu ce. Akwai ta mai, akwai ta ƙarfe. Ta mai siririya ce, daga sama take fitowa, wajen kan silinda. Dalilinta shi ne taimin ya yi wuri, ko nozul yana ɗiga maimakon ya yi feshi. Da sanyin safiyar hunturu ma inji yakan yi ta, in ya ɗauki zafi ta ragu. Wannan ba abin tsoro ba ne. Ta ƙarfe kuwa mai nauyi ce, daga ƙasa take, kamar ana daka a turmi, kuma tana ƙaruwa in an sa lodi. Ku dafa bakin dogon sukurudireba a jikin inji, ku kara mariƙinsa a kunne, za ku ji inda take. Amma ku tattare riga, ku nisanci bel.

In daga ƙasa take, a kashe inji nan take. A juye baƙin man a kwano, a duba a rana. Idan akwai ƙyalli kamar garin ƙarfe, to metal ne yake cinyewa. Wannan yakan faru in an goge kiranshaf amma aka sa masa metal ɗin da ba awonsa ba, ko aka bar noti bai ɗauru ba. Metal araha ne. Kiranshaf da bulok kuwa, kusan kuɗin wani injin ne.

Akwai kuma abu biyu da ake mantawa. Sabon gaskit yana kwantawa bayan an yi aiki kaɗan, saboda haka a sake ɗaure notocin kan silinda, a sake saita bawul. Gaskit ɗin da ya cika sirantaka kuma yana iya sa fistin ya riƙa taɓa kan silinda. Kafin a tayar da inji, a juya shi da hannu a hankali, a ji ko akwai inda yake tokarewa.

Gargaɗi ɗaya. In ana gwada nozul a waje, kada kowa ya tara hannu, musamman yaran gareji. Feshin yana huda fata, kuma yana iya jawo asarar yatsa. Wanda ya same shi a kai shi asibiti nan take, ko da raunin ƙarami ne.

A ƙarshe, injin da aka gyara kamar maras lafiya ne da ya fara tashi. Kada a ɗora masa cikakken aiki a ranar farko. Bayan aikin awa kamar 50 a canja baƙin mai, a rubuta ranar a bango. Mai lambu a gefen dam ɗin Kazaure ya san abin da tsayawar inji ta mako guda take yi wa tumatir. Rigakafi ya fi magani.

 Allah Ya sa albarka a sana'o'inmu, Ya maida kowa gida lafiya, amin.