Jawabi Ga Manoman Dambatta A Kan Maganar Iri

Daga nan Dambatta har Bichi babu saura, gona na jikin gona. Abin da ya rage wa talaka shi ne irin da ya ɓoye a rumbu, wanda yake ranta wa maƙwabcinsa in shuka ta ƙi.

To, cikin 2021 Gwamnati ta kafa doka, wanda ya ƙago sabon iri ya mallake shi shekara 20. Cikin 2024 kuma aka fito da masarar TELA daga Samaru, wadda aka sauya wa halitta. Mai aure ce, kowace damina sai ka sayi sabuwa, da kuɗin wa?

Wa aka shawarta cikinku? Mu dai muna neman a rubuta a jikin kowane buhu, mai shuka da mai tuwo su san abin da suka saya.