Kafin Mu Mayar da Ƙarƙashin Rufi Ɗakin Kwana: Jawabi a Taron Shekara-shekara na Ƙungiya

  

An nemi mu ce wani abu a kan matsalar muhalli. Kowa ya san filin gini ya yi tsada a birane, iyali kuwa kullum ƙaruwa suke. Wannan ya sa wasunmu suka fara ɗaga kai suna duban sararin da ke tsakanin silin da kwano, musamman a gidajen zamani masu dogon rufi, suna tunanin mayar da shi ɗakin samari ko na karatu. Tunani ne mai kyau, domin hawa sama ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kakanninmu sun gina benaye da tubali da azara, amma sai da suka kauraro bangon ƙasa, suka ɗaure bakan gizo, domin sun san iyakar nauyin da azara take ɗauka.

Abin da muke tsoro shi ne gaggawa. Katakon da kafinta ya jera don riƙe silin ba a yi shi don ɗaukar gado da mutum ba. Mun ga gidan wani ɗalibinmu na da, wanda ya ɗora zubin kankare a kan bulon da ba shi da ginshiƙi. Damina ɗaya aka yi, bango ya tsage tun daga sama har ƙasa, iyali suka koma haya. Kuɗin da ya ƙi biyan injiniya ya biya ninkinsa wajen rushewa. Saboda haka matakin farko shi ne a kira injiniya mai rajista da hukumar COREN, ya duba harsashi da bango da katako, har da ɓarnar gara. Sannan a nemi izinin hukumar tsara birane, kamar KNUPDA ga mazauna Kano.

Na biyu shi ne tsawo. In tsakiyar wurin bai kai kimanin mita 2.2 ba, to, sito ne, ba ɗaki ba. A kuma tuna matakala za ta ci wani yanki na ɗakin ƙasa.

Na uku, zafi. A watan Afrilu zafinmu yakan kai digiri 40 a inuwa, ƙarƙashin kwano kuwa ya fi haka nesa. In ba a shimfiɗa abin tare zafi a jikin kwanon ba, aka kuma buɗe tagogi biyu masu fuskantar juna, tanda aka gina wa yaro. Wayoyin lantarki da ke kwance a can a sake su, a sa cikin bututu, a bar taga mai faɗin da mutum zai fita idan gobara ta tare matakala. Tsohon silin na asbesto kuma kada a farfasa shi da guduma, ƙurarsa tana lahanta huhu.

Na ƙarshe, wanda ya fi damunmu, haƙƙin maƙwabci. Tagar da ke leƙa tsakar gidan wani ta sha raba zumuncin shekaru. A ɗaga ta sama da kai, ko a juya ta wajen titi. In gidan gado ne, a zauna da magada a rubuta yarjejeniya kafin a sayi buhun siminti ko ɗaya.

Muna roƙon Ƙungiya ta tattara sunayen 'ya'yanmu injiniyoyi da masu zanen gini, domin su riƙa ba 'yan'uwa shawara cikin sauƙi. Rigakafi ya fi magani.

Allah Ya albarkaci gidajenmu, Ya mayar da kowa gida lafiya.